Waƙar Yayana Guda Ɗaya

Jiya wata mota ta wuce ta ƙofar gidana, gurnanin jita na fitowa ta tagarta kamar ana jan ƙarfe a kan kwalta. Sai na ajiye wankin da ke hannuna na zauna. Ƙila a kunnenka hayaniya ce kawai. Ni yayana na tuna.

A unguwar Tandabawi ta Makka muka tashi, a wani tsohon gida da ya jingina da dutse. Da zafi bango ƙona tafin hannu yake yi, da la'asar kuma hayaƙin tsire ya hauro daga lungu. Babanmu keken tsofaffin alhazai yake turawa a Harami. Yakan dawo ƙafafu a kumbure, ya ci abinci shiru, ya kwanta.

Yayana da abokansa uku kuwa sun kamu da kiɗan da suke kira niyu-metal, wanda ake haɗa jita mai nauyi da magana da sauri da ihu. Shi ne mai ihun. Duk Alhamis sai su tafi Jidda, wai ziyara, ashe wani ɗakin ajiyar kaya suka samu suna gwaji. Sun fi shekara a kan waƙa ɗaya. Ni ƙanwarsa na sani, don ni ke dafa masa citta da zuma idan muryarsa ta dushe.

Bayan Hajji, alhazai sun watse, gari ya yi fayau, waƙar ta fito. Babu biki. Faifai kaɗan suka buga, suka ɗora ta a intanet, daga nan ta bi wayoyin samari har unguwannin Hindawiyya da Misfala. Kwanakin nan yayana tafiya yake kamar ba ya taka ƙasa. Ba a jima ba wani maƙwabci ya tare baba a ƙofar masallaci da zancen waƙar.

Baba ya shigo, bai zauna ba. Ya ce wa yayana, "Kunna min."

Waƙar gaba ɗaya da Larabci take, sai amshin ne da Hausa, inda yake cewa: a nan aka haife shi, a nan aka binne kakansa, amma har yau ana tambayarsa yaushe zai koma gida. Inna ta tsaya a bakin madafa da ludayi a hannu. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Ba ka yi ƙarya ba," in ji shi. "Sai dai kai ka yi ihu ka huta. Ni ne gobe zan shiga cikin mutanen nan da keke."

Bai hana shi ba, bai ɗaga murya ba. Da ma dukansa ya yi. Yayana bai ƙara zuwa Jidda ba, abokan kuma kowa ya kama gabansa.

Yanzu baba ya rasu, gidan ma an rushe shi. Irin wannan kiɗa a fili ake yinsa a Jidda, har tikiti ake saye, yara su je su dawo ba wanda ya tare ubansu. Zamanin ya zo, amma ya tarar da yayana da furfura, yana tuƙa tasi tun daga asuba.

Kwanan baya ɗansa ya tono waƙar a intanet, ya kunna masa a gabana yana murna. Yayana ya sunkuyar da kai har aka kai amshi.

"Yaron nan yana da numfashi," ya ce, kamar ba muryarsa ba ce.

Ya miƙe a hankali, ya ɗauki makullin mota ya fita.