Dakashin da Kaka Ta Zubar

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa yarda akwai abin da ya gagare ta ba, sai kiwon tumaki. A Gaya muke, zamanin Nasara, tun ba a yi gada ba, ana ƙetarawa Dahome a jirgin ruwa. A ɗakinta na girma har na zama budurwa. Ni ke yanko wa dabbobi ciyawar burgu a bakin kogi, kuma ni kaɗai ke iya yaɓa mata magana son raina, tunda tsakanin jika da kaka babu laifi.

Tunkiyarta ta fari uda ce, doguwa, babana ya sauko da ita daga arewa a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya. Ta haifi ɗa guda, kwana shida zawo ya ɗauke shi. Haihuwa ta biyu ma haka. Kaka ta ce laifin ƙasa ne, dabbar tudu ba ta shiri da laimar kogi da ƙudan tsando. Ta sayar da ita, ta sa aka ƙetaro mata da gajeriyar tunkiyar Dahome, irin masu haihuwa bibbiyu. Ta kuwa zubo tagwaye, su ma ba su ga sati ba.

Na ce, "Tsohuwa, ko kaji za ki koma?"

Ta ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

Ba rashin kula ba ne, kular ce ma ta yi yawa. Da tunkiya ta haihu sai Kaka ta janye ɗan, ta tatse dakashi, wato nonon farko mai kauri, ta zubar bayan danga. A wurinta dauɗa ce. Kwana biyu tana ɗura masa ruwan ɗumi, sai nono ya yi fari ta sake shi.

Ran da gajeriyar ta sake haihuwa, da hantsi, ina riƙe da ita Kaka na tatsa, sai ga Bafillatar da ke kawo mana tallan nono. Ta sauke ƙwarya ba shiri.

"Inna, mi kike yi hakanan?"

"Mugun nono nike fiddawa."

"Subahanallahi! Ai shi ne ran ɗan. Mu a ruga, wanda bai sha shi ba, ba mu sa shi cikin garke."

Kaka ta yi tsaki, amma ta saki ɗan, don kawai ta ƙaryata ta. Ya sha. Ya yi sati, ya yi wata, ya fara tsalle yana ture mana ƙore. Murna ta sa bakina ya yi kaifi. Na ce, "Ashe ba ƙasar Gaya ba ce, tsohuwa, hannunki ne!"

Na kauce ina jiran mafici a ka. Ba ta ɗaga shi ba, ba ta kuma ci tuwo ba ranar.

Da Bafillatar ta dawo, Kaka ta kira ta ciki, ta shimfiɗa mata tabarma, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ɗiyata, ɗan mutum ma hakanan ne?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Inna, ni dabba na sani. Kwana na Allah ne."

Kaka ta nuna ni da haɓa. "Bakwai na haifa. Shida na tatse na zubar, yadda uwata ta koya mini, ko guda bai yi yaye ba. Uban wagga a gona na haife shi, ni ɗaya, na rasa abin da zan ba shi sai nono."

Har yau ban san ko dakashin ne ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani, ni na buɗe mata ƙofar wannan tunani, da wasa, kuma ban daina da-na-sani ba. Daga ranar in na tsokane ta, murmushi kawai take yi, ba ta ƙara rama mini ba har ta rasu.