Littattafan da Na Ɗora wa Minista

Cikin duk kwanakin aikina, wadda ba na mantawa ita ce ranar da na mai da injiniya shehin malami. Lokacin ana aikin madatsar ruwa ta Bakolori, ni kuwa ƙaramin akawu ne a Talata Mafara, ina zaman gwaji. Mai zaman gwaji, ga wanda bai sani ba, shugabansa ne zai rubuta ko a tabbatar da shi ko a sallame shi. Nawa shugaban, Alhaji Bawa, mutum ne da ko tarin kirki ba a yi a gabansa.

Aka ce Ministan ruwa na wata masarautar Larabawa zai zo ganin aikin, zai kuma gana da manoma a Birnin Tudu. Alhaji Bawa ya miƙo mini tarihin baƙon da Turanci, shafi biyu, ya ce in karanta shi da Hausa a wurin taro. "Haliru, ka girmama shi ƙwarai. In munka ji kunya, kai ka ja muna."

Na duba takarda. Digiri a nan, babban digiri a can, ya fara aiki yana mai duba ƙofofin ruwa a wani ƙauye, ya zama darakta, sarkinsu ya naɗa shi minista. Na ce a raina mutanenmu ba su auna ilimi da digiri, da littafi suke aunawa. Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Digirin farko na mai da shi saukar Alƙur'ani, na biyu na ce ya karance Risala, babban kuwa na ce ya haddace Muhtasar, littafin fikihun da sai manyan malamai ke kaiwa. Zancen duba ƙofofin ruwa na share shi, don na ga ƙasƙanci ne.

Ranar taro na karanta da murya kamar mai khuɗuba. Wuri ya ɗauki kabbara, Minista yana ta murmushi bai san me na ɗora masa ba. Alhaji Bawa har ya gyaɗa mini kai.

Abin da na manta shi ne malaman ƙasarmu suna jin Larabci. Malam Ummaru, tsohon da ya karantar da mahaifina, ya miƙe ya gai da baƙo da Larabci tsantsa, sannan ya tambaye shi a wurin wane shehi ya karanta Muhtasar, don yana da wata mas'alar gado da ta daɗe tana damunsa. 

Minista ya dube ni, ya dubi Malam, ya fashe da dariya. Ya ce shi bai taɓa buɗe littafin ba, ruwa ya karanta, kuma da buɗe ƙofa da rufe ta ya fara cin abinci. Malam ya juya ya fassara wa jama'a, bai rage ko kalma ba. Sannan ya ce wa Minista, "To, ai kai muka nema. Masu Muhtasar muna da su har sun yi yawa."

Ashe manoman sun haƙa wata 'yar hanyar ruwa zuwa gonakin bayan gari, ruwan ya ƙi bi. Minista ya cire takalma, ya tattare riga, ya bi ta da ƙafa har ya nuna inda ƙasa ta yi tudu. Aka sare tudun, ruwa ya wuce. Alhaji Bawa na biye da shi cikin laka, yana jifana da harara.

Da muka dawo, Malam ya kira ni gefe. "Kai ɗan Isa, mi yas sa ka ɓoye muna abin da mutum ya iya, kab ba shi abin da bai iya ba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, girma na nema mishi." Ya ce, "Ƙarya ba ta ba kowa girma."

Malam ne ya roƙi Alhaji Bawa, aka ƙara mini zaman gwaji maimakon kora. Tun daga ranar, in an ba ni tarihin babban mutum, layin aikinsa na farko nake fara nema, don na ga Minista da idona tsaye cikin laka, kuma wannan layin da na share shi kaɗai ya kai ruwa gonakin.