Masallacin Malam Laminu a Kan Hanyar Gudu

Duk wanda ya zauna unguwar Gubaira, a nan ƙasar Larabawa, a shekarun nan ya san motar marigayi Malam Laminu Badamagare, ko da bai san fuskarsa ba. Ita ce saɗahar nan mai ruwan ƙasa, wato motar ɗaukar motocin da suka lalace, wadda akan hango a babban titi da jerin motoci a bayanta, kowa na danna oda kamar an ɗauko amarya. Shi kuwa yana bisa matashinsa, hannu biyu kan sitiyari, ko a jikinsa. In wani Balarabe ya matso ya sauke gilashi ya daka masa tsawa, "Yalla, ya shaiba, yalla!" sai ya waiwaya a natse ya amsa da Hausa, "Wa ya mutu?" Kalmarsa ke nan. Shekaru muka yi tare, ni Bakano shi Badamagare, yana kirana bawansa ina kiransa nawa, ban taɓa ganin ya wuce mai keke ba sai in mai keken ya tsaya sayen burodi.

To, irin wannan mutum ne ni, da hankalina da furfurata, na kai wa masu haɗa motar da ake fata ta fi kowace mota gudu a ƙasar nan. Har yau in na tuna, gumi ke karyo mini.

Ga yadda aka yi. Akwai wani dattijon Balarabe, Abu Nayif, tsohon makanikin jiragen sama, wanda ya sami injin wani jirgi da aka jingine, ya ƙudura sai ya ɗaura shi bisa ƙafa huɗu. Ya tara 'yan sa-kai a warsharsa, wato garejinsa, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci: wani injiniya Basudane mai suna Usman, da masu walda 'yan Pakistan, da sauransu, kowa don sha'awa kawai. Ni tela ne, kuma ba ƙaramin tela ba. Ni aka damƙa wa ɗinkin jakar lemar da ke buɗewa a bayan motar ta tsai da ita. Ana girmama ni ƙwarai a wurin, Ammi Sabo sama, Ammi Sabo ƙasa, wato Kawu Sabo, haka suke kirana. Ranar da aka ce ana neman mai saɗaha amintacce, na miƙe na dafa ƙirji na ce, "Ina da mutum. In ya ba ku kunya, ni na ba ku." Wayyo bakina!

Ranar farko da ya ga an ɗaure motar da sarƙoƙi a filin bayan warsha an tayar da injin, wuta na fita ta bayansa, kowa ya toshe kunne. Malam Laminu ya matso kusa da ni ya yi ihu, "Bawana, wannan wuta haka take tafiya a banza?" Na ce, "Haka take." Ya girgiza kai ya ce, "Almubazzaranci."

Da na san abin da ke ransa, da na ɗaure shi da sarƙar da ta ragu. Juma'ar da ta biyo, Abu Nayif ya gayyato manyan baƙi daga ofisoshin unguwar Ulaya, fararen riguna sol, waɗanda ake fata su tallafa wa aikin. Ashe mutumina ya biya kasuwar Aziziya ya yo buhun ɗanyen barkono, ya shimfiɗa tabarma bisa durom a can bayan injin, inda aka hana kowa zuwa, ya baza shi. Ana tayar da inji, tabarma ta tashi sama kamar shirwa. Barkono kuwa ya zama hayaƙi, ya bugi katanga ya dawo kanmu. Jama'a, ban taɓa ganin manya suna atishawa a jere haka ba! Wannan ya rasa igiyar rawaninsa, wancan yana hawaye yana neman ƙofa. Can sai ga Malam Laminu ya fito daga cikin ƙurar, yana shinshina iska, ya ce, "Alhamdulillahi, ya bushe. Sai dai ban san inda yake ba."

Na bi baƙi ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, idona na zuba, ban san ko barkono ne ko kunya ba. Abu Nayif, mutumin kirki, ya share fuska ya ce, "Ma'alesh, ba komai, Ammi Sabo." Na sake rantsuwa cewa ba za a kuma ba. Bakin nan nawa dai.

Sai babbar rana ta zo. An sami izinin gwaji na yini guda a wani shimfiɗaɗɗen faƙo can cikin sahara, kuma kowa ya san iska na tashi a wurin da zarar rana ta karkata. Bayan sallar asuba aka ɗora motar bisa saɗaha, sauran jama'a suka yi gaba, ni na shiga kusa da shi don in riƙa zuga shi.

Na ce, "Malam, don girman Allah, taka."

Ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ni! Ni ne zan mutu!"

Ya ce, "To, ga mota, sai in ɗauke ka. A hankali."

Wani raƙumi da ke kiwo a gefen hanya ya yi ta rakiyarmu, har ya gaji da jira ya wuce. Muka isa hantsi ya dubi ludayinsa ya wuce, mutane sun yi carko-carko cikin rana, ba wanda ya amsa sallamata da sakin fuska.

Saura aiki guda. Irin wannan inji yana zuƙar duk abin da ke gabansa, tsakuwa ɗaya ta isa ta hallaka direba. Saboda haka aka jera mu kafaɗa da kafaɗa, muna tafe a duƙe muna tsince duwatsu daga hanyar da mota za ta bi, muna zubawa a saɗaha. Aka ce wa Malam Laminu ya kai su nesa ya zubar. Ya riƙa zuwa yana dawowa, har na fara jin kaina ya ɗan ɗagu.

Gab da azahar Usman ya ɗauki tabaran hangen nesa ya duba hanyar. Ya sauke, ya goge, ya sake dubawa. Ya miƙo mini. A can tsakiyar hanya, daidai inda mota za ta fi gudu, Malam Laminu ya jera duwatsunmu kaf ya zagaye fili da su, yadda matafiya ke yi a gida in za su yi salla a daji. Ga alkibla ya fitar, ga ƙofa, ga wurin ajiye takalma. Har da sashen mata, alhali babu mace ko ɗaya a saharar nan!

Muka garzaya. Na ce, "Laminu, ka kashe ni! Duk faɗin duniyar nan ba ka ga wuri ba sai nan?"

Ya ce, "Nan ne aka share. In kai wa Ubangiji wuri mai datti, in bar wa mota mai tsabta?"

Usman ya shiga kawo hujjoji cewa jeren dutse ba masallaci ba ne. Malam Laminu ya ce, "To, ɗauke. Bisimilla." Usman ya dubi 'yan Pakistan, su kuma suka dubi takalmansu. Kowa ya juyo gare ni, tunda ni na kawo shi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Abu Nayif ya dubi rana ya ce, "Lokaci ya yi. Mu yi salla tukuna, sa'an nan mu kwashe." Muka yi sahu a ciki, ya ja mu. Ana sallamewa, Malam Laminu ya shafa addu'a, ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ɗazu jeren dutse ne. Yanzu kuwa da liman ya yi salla a ciki, ya tabbata."

Ana cikin wannan gardama iska ta taso, izini ya tafi. Abu Nayif bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai ya sa aka ja sabuwar hanya can gefe, muka shafe Juma'o'i muna tsintar wasu duwatsun kafin a sake samun izini. Na yi tsintar nan kaina a ƙasa, kuma ba don duwatsu kaɗai ba. Sunana ma ya koma "mai mutum".

Ranar da motar ta yi gudu a ƙarshe, ta wuce mu kamar tsawa, lemata ta buɗe lafiya, mutane na kabbara suna rungumar juna. Malam Laminu ya taɓa ni ya ce, "Ina direban ya je?" Na ce, "Ba ko'ina, ga shi can za a jawo shi." Ya ce, "To!" Ya koma kan shayinsa.

Bara Allah ya karɓi abinsa, bayan gajeriyar jinya. Kun san yadda ake jana'iza a nan, da sauri ake tafiya da makara. Ina biye ina haki, sai na ji kamar muryarsa daga cikin likkafani tana tambayar da ya saba. Na ce a raina, yau kai ne, Badamagare, yi haƙuri da gudun.

A bakin kabari na ga wanda ya riƙe gaban makarar, ashe Abu Nayif ne. Ya kama hannuna ya ce mota tana warsha a lulluɓe, ba ta kai inda muka so ba. Amma ya koma faƙon nan kwanan baya, ya tarar masu kiwon raƙuma sun ƙara wa jeren dutse tsawo, sun ajiye buta da tabarma. Ya ce, "Ammi Sabo, ka ce kana da mutum. Wallahi kana da shi."

Ya Allah, ga bawanka Laminu ya iso gare ka, bai taɓa gaggawa ba sai wannan karon. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka ba shi wuri mai tsabta kamar yadda ya zaɓa maka. Amin.