Tsohon Ma'aikacin Gidan Waya a Wajen 'Yan Karta

A ɗakin baya na gidan waya ya ƙare aikinsa, yana rarraba wasiƙu, ba ya ce wa kowa uffan. Da ya yi ritaya sai ya koma bayan gida, yana renon tumatir a tsofaffin gwangwanaye, hankalinsa kwance.

'Yarsa ce hankalinta bai kwanta ba. Ta ce, "Baba, kaɗaici zai kashe ka. Ga sa'anninka can bakin shagon aski suna karta."

Don kada ta ji ba daɗi, ya sa hula ya tafi. Aka raba masa nasa katunan. Hannu bai manta sana'a ba, sai ya shimfiɗa su a buɗe kan benci, ja da ja, baƙi da baƙi.

Wani tsohon direba ya ƙyalƙyale da dariya. "Malam, ka tona wa kanka asiri! Saura ka manna musu kan sarki!"

Baban ya dawo gida kansa na sarawa, ya ce wa 'yarsa, "Uwata, kifi a ruwa yake sarki. Ki bar ni."

Ta yi murmushi ta ce, "To, Baba. Gobe zan sayo maka irin barkono."