Garin da Ba a Fito

A ƙauyenmu, can bayan Hawandawaki, da an gama kai gero rumbu, sanyin ɗari ya sauko, sai kakata Inna Jumma ta sa mu tara kara mu hura wuta a tsakar gida. Bafillatana ce da aka auro cikin manoma. Ni take kira mijinta, tana cewa ba ta taɓa ganin ango mai majina irina ba. Kullum muna gefen wutar ni da Ila, ɗan maƙwabtanmu, wanda ba ya iya jin labari bai tsoma baki ba.

Akwai tatsuniyar da ba ta yi sai wuta ta fara lafawa. "Ga ta nan tahe, ba ta sallama," in ji ta, mu kuwa sai mu matsa jikin juna.

Wai wani makiyayi ne fari ya koro shi da shanunsa har wani gari mai ciyawa shar. Mutanen garin suka ba shi masauki da rijiya. Sai dai mai gari ya gindaya masa doka guda: a ƙasarsu ba a yin fito da baki, ko da rana ko da dare. Makiyayin ya yi dariya a ransa, don tun yana yaro da fito yake kiran shanunsa. Ya tambayi dalili, aka ce baƙo ba ya tambayar dalili. Ya daure har damina ta ƙarato. Ran nan da almuru karsanarsa ta ɓace. Ya waiga, ba kowa, sai ya yi fito sau ɗaya, ƙasa-ƙasa.

A nan Inna Jumma takan ƙara tura kara cikin wuta.

"Sai dawa ta amsa mishi," ta ce, "da hitonshi sak."

Shanun suka ɗaga kai, suka bi waccan murya ɗaya bayan ɗaya. Makiyayin ya bi su. Mutanen garin suka rufe ƙofofinsu, ba wanda ya je nemansa. Har yau, in ji ta, in ka ji fito daga dawa ba ka ga mai yi ba, shi ne yake neman hanyar gida.

Ila ya ce ai wannan zalunci ne, mutum bai yi sata ba, bai kashe kowa ba. Ta zungure shi da kara. "Kai mai bakin tsiya, dokar gari ba ta tambayar mi kaka yi a gidanku."

Bayan rasuwarta, mun zama magidanta, ni da Ila muka samu aikin gini a wata ƙasar Larabawa. Wanda ya yi mana paspor ya ja mana kunne cewa can laya sihiri ce a wurin hukuma, kuma hukuncinta mai tsanani ne. Ina da wadda Inna Jumma ta ɗaura mini a dantse da hannunta. Ranar tafiya na yanke ta na ba mahaifiyata ajiya, kuma wallahi na ji kamar na sake binne tsohuwar. Ila ya yi mini dariya. Ya ce tasa ayoyi ne kawai a ciki, ya ɗinke ta cikin ƙugun wando.

Wata safiya polis suka zo binciken ɗakunan ma'aikata, suka farke ɗinkin wandon Ila, suka ga layar. Ila yana ta bayani da Hausa, ba mai jin sa. Suka sa shi a mota, sai kurkuku. Mu da muka rage muka koma ɗakunanmu muka rufe ƙofa, kuma sai a ranar na daina jin haushin mutanen garin nan na tatsuniya. Tsoro ne ya rufe musu ƙofa, ba mugunta ba.

Har yanzu Ila bai fito ba.

Bara da na zo hutu, mahaifiyarsa ta same ni da yamma a ƙofar gida. Ta kwance bakin zanenta, ta miƙo mini sabuwar laya, fatar ko bushewa ba ta gama yi ba. Akuyarta ta sayar aka rubuta mata.

"Ɗana, ka kai mishi. Malam ya ce ita za ta hiddo shi."

Na kasa karɓa, na kuma kasa gaya mata dalili. Hannunta yana nan a miƙe sai wani ya yi fito can bayan gonaki. Na duba, ban ga kowa ba.