Barcin da Na Yi a Fadar Sarakunan Hamada

Ni ba mai son yawo ba ce. Ko Katsina sai da dalili nake shiga. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Dutsin-Ma, daga gida sai aji sai kasuwa, kuma hakan ya ishe ni. Jinya ce ta kai ni Indiya.

Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, a Kurfi take aure. A hannunta aka yaye ni, don haka ban taɓa iya yi mata musu ba. Da aka gano ciwon daji a ƙirjinta an yi ta kai da komowa tsakanin Katsina da Kano da Zariya, har likitoci suka ce a gwada waje. Mijinta, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne, ba ya jin Turanci. 'Ya'yanta mata duk goyo gare su, namijin kuma yana makaranta. Aka zauna a tsakar gidansu ana shawarar wanda zai raka ta, sai na ga idanu sun dawo kaina. Maigidana ya ce in je, zai kula da yara. Na nemi izini a wurin aiki, na ɗaure kuka da daddawa da garin masara, muka tafi.

A Delhi muka kama ɗaki kusa da asibitin. Aikina kullum iri ɗaya ne: in yi mata wanka, in dafa abin da ba za ta ci ba, in bi layi, in tsaya tsakaninta da likita ina juya maganarsa zuwa Hausa. Wannan na ƙarshen ya fi gajiyar da ni, domin sai na tace abin da zan faɗa mata da abin da zan haɗiye. Idan aka ɗaura mata ruwan maganin nan takan yi kwanaki tana amai. Gashinta ya zube, ni ke share shi daga kan filo kafin ta gani. Waya kuma ba ta hutawa, daga Kurfi, daga Dabawa wurin dangin mahaifiyarmu, kowa yana son ya ji an ce da sauƙi. Nakan ce da sauƙi.

Wata rana likita ya duba sakamakon gwaji ya ce jininta ya yi ƙasa, za a dakata da magani na ɗan lokaci ta huta. Ni abin da na ji a maganarsa shi ne zan samu in kwanta. Muna komawa ɗaki na cire hijabi na miƙe a kan gado.

"Auta," in ji Yaya, haka take kirana har yau da na tara 'ya'ya. "Ina gidajen sarakunan nan da muke gani a fim? Masu ganuwa bisa dutse, a tsakiyar rairayi?"

"Suna can inda suke, Yaya."

"To can nake son ki kai ni."

Na ɗago na dube ta, na zaci wasa take yi. Yaya ta fi kowa son finafinan Indiya tun zamanin kaset. Idan na je hutu Kurfi ina yarinya, tana daka tana rera waƙoƙinsu, ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

"Haba Yaya, ke da ko banɗaki sai na riƙa ki?"

"Shi ya sa. In ban gani yanzu ba yaushe zan gani? Mi zan ce na gano in na koma, silin asibiti?"

Na koma wurin likita ina fatan ya hana. Ya ce idan za a tafi a hankali, a kiyaye abin da take ci da sha, ba laifi. Alhaji ma da na kira shi cewa ya yi, "Malama, duk abin da take so a yi mata." Ban samu mai goya mini baya ba.

Akwai wani direba da ke kai mu asibiti, dattijo ne Musulmi mai gemu ja da lalle, yana ɗan jin Turanci. Ya ce yankin sunansa Rajastan, ya san hanya, zai kai mu. Bayan sallar asuba muka tashi. Na shimfiɗa mata filo a baya, na zauna kusa da ita da leda a hannu saboda amai.

Tafiya ce mai nisa. Da muka bar hayaƙin birni ƙasar ta fara buɗewa, itatuwa suka koma gajeru masu ƙaya kamar bagaruwa, awaki na miƙa wuya suna cin ganyensu. Muka riƙa wuce raƙuma suna jan amalanke. Ni ina ta fama da ciwon baya, ita kuwa ta manna goshi da gilashi. Can sai ta dafa ni da ƙarfi.

"Ce ya tsaya! Auta, gero ne wancan ko idona ne?"

Gero ne kuwa, ya nuna, an fara yanka. Direba ya gangara gefen titi. Yaya ta fito da kanta, ta dafa mota, ta taka har bakin gonar. Ta kama kai ɗaya ta murza a tafin hannu, ta hura, ta jefa 'yan ƙwayoyi a baki.

"Kan ya yi gajarta," ta ce, "bai kai na gonar Baba a Ɗantutture ba. Amma gero ne. Ashe su ma talakawansu gero suke ci."

Wata mata da ke aiki a gonar, ta rufe fuska da mayafi ja, ta matso tana kallonmu. Direba ya yi mata bayani da yarensu. Ta koma gindin wata bishiya ta kwance ƙullinta, ta kawo wata gurasa mai kauri, baƙa-baƙa, ta garin gero. Na so in hana, na tuna gargaɗin likita. Kafin in buɗe baki Yaya ta gutsura. Ta ci fiye da rabi a tsaye a nan, tana yi wa matar godiya da Hausa, matar na amsawa da yarenta. Na riƙe ledata ina jira, amai bai zo ba.

Sai da yamma muka isa wani gari mai babbar fada, muka kwana a wani masauki. Washegari da safe muka nufi fadar. Tun daga nesa ake hango ta. Mu ma a Dutsin-Ma muna da duwatsu, amma ban taɓa tunanin mutum zai dubi dutse irin wannan ya ce a kansa zai gina gida ba. Ganuwar da dutsen launinsu ɗaya, ba ka gane inda halitta ta tsaya gini ya fara.

Mota ba ta wuce ƙofar farko. Muka karɓi keken marasa lafiya a wurin masu tsaro, Yaya ta hau. Hanyar hawa ce tun daga ƙasa, an shimfiɗe ta da duwatsun da ƙafafu suka goge suka yi santsi, tana lanƙwasa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ni ke turawa. Direba na kama mini a wuraren da suka fi tsauri, shi ma gwiwarsa ba ta da lafiya. Rana ta fito da zafinta, hijabina ya jiƙe ya manne mini a baya. Turawa da 'yan ƙasar suna wuce mu da hulunansu da kyamarori, wasu su yi mana murmushi. Ban mayar wa kowa ba.

Muka ɗauki wani mai yi wa baƙi bayani. Ya nuna mana wata ƙofa mai tsinin ƙarafa a jikinta, ya ce an sa su ne don kada giwayen abokan gaba su tunkuɗe ta da kai. Ya nuna ramukan da harsashin igwa ya bari a bango. Ina haki ina fassarawa. Yaya ta shafa bangon, ta daɗe tana kallon kaurinsa.

"Da ƙauyukanmu na da irin wagga ganuwa," ta ce, "da mutane sun yi barci da ido biyu rufe."

Ban fassara masa wannan ba.

A ciki muka bi ɗakuna bayan ɗakuna. Wani an lulluɓe shi da ƙananan madubai har sama, wani da ruwan zinariya. Ga takubba, ga gadajen jariran sarauta, ga kujerun da ake ɗora wa giwa a baya. Mutumin yana jero sunayen sarakuna, wane ya haifi wane, wane ya yaƙi wane. Ko ɗaya ban riƙe ba. Yaya ma ba su ne damuwarta ba. Tambayoyinta daban ne: ina madafa, wa ke hawo da itace har nan, ina suke samun ruwa a wannan ƙeƙasasshiyar ƙasa. Ya kai mu ya nuna mana wani babban rami da aka gina don tara ruwan sama. Ta girgiza kai ta ce Allah ya ji ƙan waɗanda suka yi ta ɗibarsa a ka.

Daga nan muka shiga sashen matan sarki. Tsakar gida ce mai inuwa, tagoginta na dutse ne da aka sassaƙa da ƙananan huji, wai ta nan suke leƙen waje ba a ganinsu. Iska mai sanyi na shigowa ta hujin. A gefe akwai wani dakali. Na ce wa Yaya bari in ɗan zauna ƙafata ta huce. Na tuna na jingina da bango. Ban tuna komai bayan wannan ba.

Da na farka inuwar ta koma ɗaya gefen. Kaina na kan cinyar Yaya. Ta sauko daga keken ita kaɗai, ta zauna a kan dakalin, tana yi mini fifita da takardar da aka ba mu a ƙofa. Mai bayanin ya tafi. Direba na zaune nesa kaɗan yana jan carbi.

Na zabura. "Innalillahi! Yaya, me ya sa ba ki tashe ni ba? Maganinki fa?"

"Na sha. Kwanta abinki."

Direba ya ce mini wani mai gadi ya zo har sau biyu ya ce ba a kwanciya a nan. Yaya ta ɗora yatsa a baki, ta yi masa faɗa ƙasa-ƙasa da Hausa, ta nuna masa hanya. Na biyun da ya dawo sai ya tsaya yana karkatar da baƙi su bi ta ɗaya gefen.

"Har minshari kika yi," in ji ta. "Rabon da in ji minsharinki tun kina 'yar firamare."

Na ji hawaye na zubo mini, ba na baƙin ciki ba, irin wanda ke zuwa idan jiki ya saki. Ta goge mini da gefen mayafinta.

"Ina ganinki, Auta. Kina tsammani ban san abin da likitan nan ke faɗi ba? Ba na jin Turanci amma ina jin fuska. Ki daina wahalar zaɓen magana, ki riƙa faɗa mini yadda take."

Na ce to. Tattabaru na ta sauka a tsakar gidan suna tashi.

Saura hawa na sama da ba mu gani ba, inda aka ce ana hango garin gaba ɗaya. Na miƙe na kama keken, ta ce a'a, ta gani ya ishe ta. Muka yi sallah a wani lungu, muka gangaro. Gangarowar ta fi hawan wuya, don sai na riƙa ja da baya kada keken ya ƙwace.

Direba ya shirya kai mu wata fadar a wani gari can cikin rairayi. Washegari muka je har gindinta, muka tsaya a inuwar wani shago. Yaya ta leƙa ta taga, ta dubi tsawon hawan, ta dube ni, ta ce a juya. A hanyar dawowa ita ce ta yi barci, ni na zauna ina kallon raƙuma.

Muka ƙarasa maganin da ya rage. Ranar da likita ya ce ciwon ya bazu, abin da ya fi shi ne mu koma gida a riƙa rage mata zafi, na faɗa mata kamar yadda ya faɗa. Ta ce alhamdulillahi, ta tambaye ni ko akwai sauran wuri a akwati, tana son saya wa jikokinta awarwaro.

A Kurfi gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Yaya na kishingiɗe a ɗakinta tana ba mata labari, kullum fadar na ƙara tsawo. Har giwaye ta ce mun gani suna hawa da sauka, alhali ko ɗaya ba mu gani ba. Idan ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Auta?" sai in ce haka ne. Duk ƙarshen mako nakan shiga mota daga Dutsin-Ma in je in kwana biyu in dawo. Ta ga damina ta faɗi, ba ta ga ƙarshenta ba.

Bayan an share makoki na koma makaranta. Na tarar an raba wa wasu malamai azuzuwana, an tara mini takardun jarrabawa a kan tebur. Shugabar makaranta ta yi mini gaisuwa, ta ce idan ina son ƙarin hutu in faɗa. Na ce mata a bar shi, zaman gidan ma ba hutu ba ne. Na ɗauki alli na shiga aji, yara suka miƙe suka gaishe ni, na tambaye su inda aka tsaya.