Labarin da Na Kai Lamadji da Ƙafata

Na daɗe ina shugabantar masu lodin kaya a wani sito da ke Ngueli, dab da gadar Kousseri. Da manyan wayoyi suka yawaita, abokan aiki suka buɗe mana grup, suka ce ni zan riƙe shi. Na karɓa bisa sharaɗi uku. Na farko, ban da siyasa. Na biyu, duk wanda ya ga mota ta iso ya faɗa. Na uku, ba a sanar da mutuwa sai an gaya wa iyalin mamaci baki da baki. Haka muka taso muka tarar: babba ne yake zuwa, ya yi sallama, ya zauna, sannan ya faɗa.

Grup ya yi amfani, ban musa ba. A da sai mu wuni a rana muna jiran motar da ba ta ma taso ba. Sannu a hankali 'yan kasuwa suka shigo, sai matanmu, sai maƙwabtan matanmu.

Wata Talata da hantsi, wani abokin aikinmu ya yanke jiki ya faɗi yana ɗaga buhun sukari. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shi kaɗai ne ɗan wata tsohuwa a Lamadji, wadda ta yi goyona ina jariri. Inna nake ce mata. Zuwa wurinta ya hau kaina.

Ina sa takalmi wayata ta yi ƙara. Wani baƙon ɗan kasuwa daga Nijar, wanda bai san ƙa'idarmu ba, ya saki murya a grup yana salati, har da sunan mamacin. Na goge, amma an riga an ji. Inna ba ta da waya, sai dai duk matan gidan da take zaune suna da ita. Na rubuta layi ɗaya: "Kada wanda ya gaya wa Inna. Ga ni nan tafe."

Na tare mai babur. Ya ga fuskata ya ce, "Alhaji, sauri kake so ko isa lafiya?"

Na ce, "Duka biyu."

Daga Ngueli zuwa Lamadji sai an ratsa gari kaf. Duk inda muka tsaya, zuciyata tana cewa yanzu wani ya kira, yanzu ta ji a bakin waya.

A ƙofar gida wata maƙwabciyarta ta tare ni, idanunta jajur. Ta ce a hankali, "Mun ga saƙonka. Kalas, shi ke nan, ba wadda ta buɗe baki. Wata ta kira daga Gassi za ta yi gaisuwa, na ce ta dakata."

Na yi sallama. Inna tana kan tabarma, mata kewaye da ita.

Ta ce, "Kai ne a ranar aiki? Ga waɗannan kuma tun ɗazu, wai tsintar shinkafa, faifai ɗaya mace biyar." Ta dube ni da kyau. "Zauna yadda ya kamata, ɗana. Faɗa mini."

Na zauna. Na fara da sunan Allah, sannan na faɗa.

Ta yi salati. Ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam.

"Kana wurin?"

"Ina wurin, Inna. A hannuna ya cika."

"To, alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka."

Sai a lokacin matan suka saki kukan da suka riƙe.